Ciwon kai muka kai, takarda ta ce akwai wani abu a ƙwaƙwalwa

Na Gujungu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin asibiti a cikinmu ku taimaka min, kwana biyu ke nan ban runtsa ba. Ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, shekararta 22. Shekara uku tana fama da ciwon kai, ɓari ɗaya yake kama ta, galibi na dama, ya riƙa sara kamar ana daka a ciki. In ya taso sai ta shige ɗaki ta sa a saki labule, ko bugun turmi ba ta son ji, sai ta yi amai ta samu barci sannan ya lafa. Da can sau biyu ne a wata, bana kuwa kusan kullum. Da muka sayar da riɗi na ce bari a yi ta ta ƙare. Na ɗauke ta muka shiga Kano, wani wurin ɗaukar hoto na kuɗi, aka yi mata MRI. Sai da ta cire 'yan kunne da fil ɗin mayafi, aka tura ta cikin injin, yana ta buga ƙara kamar injin markaɗe. Yaron da ya miƙo mana ambulan ɗin sakamako cewa kawai ya yi, "akwai ɗan wani abu a kanta fa, ku nemi likita." A takardar an rubuta "small arachnoid cyst", ɓangaren hagu. Wani ɗan makaranta a mota ya karanta ya ce mana ƙari ne a ƙwaƙwalwa. Tun daga Gezawa take kuka har muka sauka. Inna ta daina cin abinci. Ga biki an sa bayan ƙaramar Salla. Me wannan abu yake nufi?

Maman Biyu: Innalillahi. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne.

Ɗan Acaɓa: Allah ya sauwaƙe. Haka aka yi wa wani yaron unguwarmu, aka ce ƙari, wata uku bai ƙara ba.

Maman Biyu: Haba malam! Mutum ya zo da tashin hankali, wannan ne abin da za ka ba shi?

Ɗan Jami'a: Yaya, yanzun nan na duba a intanet. Ruwa ne yake taruwa a ƙwaƙwalwa, kuma aiki ake yi a buɗe kai a zuƙe. Na ga ana sa wani siririn bututu ma. Ku fara neman kuɗi, wasu Indiya ko Misira suke zuwa.

Malam Ƙarami: Kafin a kai ga tsaga kan yarinya a gwada ruƙiya. Ciwon kai na ɓari ɗaya, ga budurwa an sa mata rana, kada a raina baki da hassada. A haɗa mata da man habbatussauda.

Anti Nas: Kowa ya dakata tukuna. Na Gujungu, amsa min waɗannan. Wane likita ne ya rubuta muku hoton? An taɓa auna jininta? Ta taɓa faɗuwa ko jijjiga? Hannu ko ƙafa ya taɓa mutuwa? Ganinta ya ragu? Sannan wane magani take sha, kuma kwana nawa a sati?

Na Gujungu: Anti, gaskiya ba likitan da ya rubuta, ni na yanke shawara da kaina, wani abokina ya kwatanta min wurin. Ba ta taɓa faɗuwa ba, hannu da ƙafa lafiya lau, surfe ma tana yi ran da kan ya bar ta. Wani lokacin kafin ya taso takan ce tana ganin walƙiya-walƙiya a gefen ido, sai ya wuce. Magani kuwa haɗi ne na kyamis, ƙwaya huɗu a ƙulle a leda, tun damina kusan kullum sai ta sha. Da akwai wani mai jan kwali da take cewa shi ne yake jin ta.

Anti Nas: To ka ga inda nake zato. Ciwon a dama, abin da aka gani a hagu, kuma ka ce wani sa'in yana sauya ɓari ko? Ni dai ba zan yanke hukunci ba, amma ɗanmu likita yana cikin zauren nan, bari ya sauko daga aiki. Kafin nan kada wanda ya sake kiran sunan Indiya.

Mai Kyamis: Na ga an fara karkato da maganar kanmu. Mutum ya zo da ɗari biyu kansa yana sarawa, asibiti na nesa, in ya je ma layi ne har azahar, mu kore shi?

Anti Nas: Ba wanda ya ce ka kore shi, ɗana. Amma wanda ka ga ya zo maka sau ashirin a wata, ai ya wuce kantinka.

Likita: Salamu alaikum, ku yi haƙuri yanzu na fito. Na karanta komai. Na Gujungu, ka fara zuwa ka ce wa Inna ta ci abinci. Abin da aka rubuta a takardar nan ba ciwon daji ba ne, ba ma ƙari ba ne irin wanda kuke nufi.

Ƙwaƙwalwa tana da tantani hawa uku da suka lulluɓe ta, kuma a cikin ruwa take zaune, ruwa garai kamar na randa da ya kwanta. Wani lokaci tun jariri yana ciki, tantanin tsakiya yakan rabu biyu a wani ɗan wuri, ruwan nan ya shiga ya zauna, ya zama 'yar jaka. Ita ce aka gani. Yawancin masu ita da ita aka haife su, da ita za su tsufa, ba su ma san tana nan ba. Ka ɗauke ta kamar tawadar Allah, sai dai ita a ciki take ba a kumatu ba.

Abin da mutane ba su sani ba game da injin nan shi ne ganinsa ya yi yawa. Shiga ɗakin kowa a garin nan da tocila mai ƙarfi ka haska saman azara, sai ka ga yanar gizo, ka ga gidan zanzaro, ka ga tsaga a bango. Ba su ne suka sa ɗakin yake yoyo ba, ka dai gan su ne don ka haska. A birnin Rotterdam na ƙasar Holan an taɓa tara mutum 2000, 'yan shekara 45 zuwa sama, mutanen gari kawai, ba don wani ciwo aka kira su ba, aka yi musu MRI, aka fitar da sakamakon a 2007. Mutum 145 an ga tabon ƙaramin shanyewa a ƙwaƙwalwarsu wanda su ba su taɓa ji ba. Mutum 35 suna da kumburin jijiyar jini. Mutum 31 suna da ƙari mara daji. Wajen ɗaya cikin ɗari kuma suna da irin jakar ruwan nan ta ƙanwarka. Dukansu da ƙafarsu suka zo, da ƙafarsu suka koma gida. A 2009 aka sake haɗa bincike 16, mutum sama da dubu 19, aka ga cikin kowane mutum 37 masu lafiya da za a saka a injin, ɗaya zai fito da wani abu da ba shi aka je nema ba.

Yanzu koma kan labarin da ka ba mu: ɓari ɗaya, sara, amai, gudun haske da ƙara, walƙiya a ido kafin ya zo, barci ya kore shi. Wannan ciwon ɓarin kai ne sak, wanda muke kira maigiren. Ya fi kama mata, kuma ba ya fitowa a hoto ko kaɗan, da tambaya ake gane shi. Abin da ya mayar da shi kullum kuwa, ina kyautata zaton ledar nan ce. Wanda yake shan farasitamol ko ibufurofen kwana 15 ko fiye a wata, ko masu haɗin sinadarin kafeyin, kodin ko tiramol kwana 10 ko fiye, ya jera sama da wata uku a haka, maganin da kansa yakan koma yana haddasa ciwon kan.

Amma ban ga fim ɗin ba, ban ga yarinyar ba. Jakar tana iya zama matsala in babba ce tana danne wani wuri ko ta toshe hanyar ruwa, kuma irin wannan ne Ɗan Jami'a ya karanto. Taku an ce ƙarama. Duk da haka ku kai ta likita ya gan ta da idonsa.

Ɗan Acaɓa: Likita, ni fa ban gamsu ba. Ruwa ba ya tsami banza. Kai na ciwo, an haska kai an ga abu, sannan a ce ba ruwan wannan da wancan?

Likita: In tayarka ta yi faci ka kai wa bakanike, ya leƙa ya ga tankinka ya ɗan lotsa tun faɗuwar bara, lotsawar ce ta sace iskar? Ciwon kai kusan kowa yana yi. Irin waɗannan abubuwa kuma mutane da yawa suna ɗauke da su. Dole a riƙa samun wanda ya haɗa biyun ba tare da ɗaya ya jawo ɗaya ba. Abin tsoron ma shi ne a tsaga kan yarinya a cire jakar, ta farfaɗo, ciwon kan yana nan inda yake.

Direban Haɗeja: Ranka ya daɗe Likita, da girmanka, amma ni zan ja da kai. Kada mutane su karanta wannan su ce hoto ɓarnar kuɗi ne. Mahaifina shekararsa ta haura saba'in. Ya fara ciwon kai, muka ce rana ce. Ya fara kiran jikokinsa da sunan 'yan uwansa da suka rasu, muka ce rikicin tsufa ne. Ran nan na ga yana alwala takalminsa na hagu yana zamewa daga ƙafa, yana jan ta a ƙasa. A wani ƙaramin asibiti aka ce taifot ne, aka ɗora masa ruwa leda uku. Da ƙyar yayata ta matsa muka kai shi Kano. Hoton CT ɗaya aka yi aka ga jini ya taru ya danne ƙwaƙwalwa. Sai a lokacin muka tuna wata ɗaya da rabi kafin nan ya zame daga kan babur a hanyar kasuwar Maigatari, ya tashi ya kaɗe rigarsa ya ce ba komai. Aka huda ƙoƙon kan aka fitar da jinin. Kwana uku ya gane kowa, har ya tambayi ina kuɗin awakinsa. Da mun bi maganar "ciwon kai kowa yana yi" da tuni an yi sadakar arba'in.

Likita: Ban ja da kai ba ko kaɗan, kuma Allah ya saka wa yayarka. Baba ai ko ni na gan shi, ranar zan tura shi hoto. Dubi bambancin: tsoho, sabon ciwon kai wanda bai saba ba, hankali ya sauya, ƙafa tana ja, ga faɗuwa a baya. Jijiyoyin kan tsofaffi ba su da wuyar tsinkewa, jinin kuma a hankali yake tsatsa, sai bayan makonni a ga alama, lokacin kowa ya manta da faɗuwar. Shi hoton ya amsa tambayar da jikinsa ya riga ya yi. Ita kuwa ƙanwar Na Gujungu an yi hoton ba tare da an yi tambayar ba.

Tunda an zo nan bari in faɗa. Ciwon kan da ya faɗo wa mutum farat ɗaya kamar an maka masa taɓarya, ya kai ƙarshen zafinsa cikin minti ɗaya, wannan ko tsakar dare ne a nemi mota. Haka wanda ya zo da farfaɗiya ga wanda bai taɓa yi ba, ko karkacewar baki, ko harɗewar harshe, ko gani biyu-biyu. Haka wanda ya fara sabon ciwon kai bayan ya wuce 50, ko mai cutar da ke karya garkuwar jiki, ko wanda aka taɓa samu da daji. Da wanda yake ƙaruwa mako bayan mako, ya fi tsanani da asuba ko in an yi tari ko an sunkuya.

Anti Nas: Ka manta biyu, kuma su ne namu na ƙauye. Mai ciki ko mai jego da kanta yake sarawa, ƙafa ta kumbura, tana ganin duhu-duhu: a auna jininta yanzu-yanzu, jijjiga ce take sallama. Sai zazzaɓi da sanƙarewar wuya lokacin zafi. Ina aiki a 1996 da aka yi sanƙarau ɗin nan da ya ci mutum sama da dubu 11 a ƙasar nan, a ƙarƙashin bishiya muke rataye ruwa. Ko a 2024 ai ya taɓa mu a Jigawa har aka kawo sabuwar rigakafi. Waɗannan ba hoto suke jira ba, asibiti mafi kusa suke so.

Tsohon Hedimasta: Likita ɗana, tunda an buɗe faifan bari in sako nawa. Bara 'ya'yana suka matsa aka yi min irin hoton nan saboda jiri da nauyin ƙeya. Aka ce an ga fararen ɗige-ɗige. Na ninke takardar na sa a cikin littafin fansho, ban gaya wa kowa ba, na dai fara biyan basussukana a hankali.

Likita: Allah ya ƙara girma, Baba. Biyan bashi alheri ne, a ci gaba, amma ba don takardar ba. Ɗige-ɗigen nan ana yawan ganinsu in shekaru sun ja, kamar furfura ce ta ciki, kuma masu ciwon ɓarin kai ma ana ganin su da su. Sai dai ba zan ce a share ba, don hawan jini da suga suna ƙara su, alama ce ƙananan jijiyoyi suna jin jiki. Yaushe rabonka da awon jini?

Tsohon Hedimasta: Tun da maganin ya ƙare da azumin bara. Na ji sauƙi ai.

Anti Nas: Malam, gobe da safe ina nan tafe da abin awo. Kada ka ce ka tafi gona.

Na Gujungu: Likita na gode, wallahi sai yanzu na ji yunwa. Amma ga wata. Maganar ta riga ta fita. Matar wanmu ta faɗa a gidan suna, yau da yamma gwaggon angon ta zo wai duba jiki, tana ta kallon kan yarinyar kamar za ta hango abin. Tana fita ta ce wa Inna "ashe abin a ƙwaƙwalwa ne." Mu gaya musu me?

Malam Ƙarami: Gaskiya za a gaya musu. Ba a ɓoye aibi a aure, in ya fito daga baya ya fi muni.

Maman Biyu: Malam, wane aibi? Likita ya ce tawadar Allah ce. Shi angon an saka shi a injin an ga abin da ke cikin nasa kan? A kawo shi a haska, mu ga ko shi fes yake. Kullum 'ya mace ce abin bincike.

Malam Ƙarami: Hajiya, ban ce a fasa ba. Cewa na yi kada a yi ƙarya. Kuma har yanzu ina kan bakana, addu'a ba ta hana magani.

Likita: A nan ni da Malam ba mu saɓa ba, a yi addu'a, a kuma je asibiti. Abin da zan roƙa kada a yi tsaga ko a ɗura mata wani abu a hanci. Game da surukai, ƙaramar jaka irin wannan ba ta hana aure, ba ta hana ciki ko haihuwa, ba ta taɓa hankali, ba a ɗauka. Shawarata kada ku tsaya yi musu bayani da bakinku, ku tafi da angon ko wani babba nasu ranar ganin likita ya ji da kunnensa. Ku fara da babban asibitin da ke kusa da ku, in sun ga da buƙata za su rubuta muku takarda zuwa Asibitin Malam Aminu Kano, can akwai likitocin jijiya da masu tiyatar kai. Ku riƙe fim ɗin da faifan, ba takardar kaɗai ba. Ku kuma tafi da ledar maganin da jan kwalin, a ga mene ne a ciki.

Na Gujungu: Na ce wa Inna za mu ga likitan ƙwaƙwalwa, ta ce wallahi ba mai kai mata 'ya asibitin mahaukata na Dawanau.

Anti Nas: Kai ma ka so! Ce mata likitan ciwon kai. Kalmar nan ita ta rikita gwaggon ma.

Na Gujungu: To ni yanzu riɗina buhu biyu da tunkiyar Inna sun tafi a banza ke nan?

Direban Haɗeja: Ba a banza ba, ai ka san ba daji.

Maman Biyu: Ya sayo wa kansa rashin barci dai da gwaggo.

Mai Kyamis: Ni dai daga yau in ta aiko ba zan bayar ba, kada a ce ni ne.

*Bayan kwana 16*

Na Gujungu: Salam 'yan uwa, na ce bari in dawo da bayani. Mun je, da ni da ita da wan angon. Likitar mace ce. Ta fi minti 20 tana tambaya kafin ta ko taɓa ambulan ɗin. Ta sa ta tafiya a kan layi ɗaya, ta ƙwanƙwasa gwiwoyinta, ta kashe fitila ta haska cikin idonta da wata 'yar tocila, ta ce ba alamar matsi a kai. Sannan ta ɗaga fim ɗin ta nuna mana abin, ɗan baƙi-baƙi ne wajen saitin kunne, bai kai ƙwallon dabino ba. Wan angon ya tambaya sau biyu ko za a yi aiki, ta ce ba abin da za a taɓa, sai dai in wata sabuwar alama ta ɓullo ko ta bugu a kai sosai, a dawo da ita. Da ta kwance ledar haɗin sai ta yi shiru, ta ware ƙwaya biyu gefe ta ce waɗannan aikinsu ɗaya, ana ba ta ninki ne kawai. Ta hana duka. Ta rubuta wani da za ta riƙa sha da dare don rage tasowar ciwon, ta ce in ta samu ciki bayan biki a sanar kafin a ci gaba da shi. Ta kuma ce a samo littafi a riƙa rubuta ranar da ya taso da abin da ya faru kafin nan.

Makon farko da daina haɗin mun sha wuya, ciwon ya ninka, har Inna ta ce a koma kyamis. Daman likitar ta gargaɗe mu haka za a yi. Yanzu kwana huɗu a jere ba ta kwanta ba. A littafin kuma mun ga sau biyu ranar da aka turara kayan lefe da turaren wuta ne ya taso.

Maman Biyu: Alhamdulillahi! Amma amarya ba turaren wuta, wannan kuma wata sabuwa ce. Gwaggo fa?

Na Gujungu: Wan angon ya yi musu bayani, maza sun gamsu. Ita ta ce a ba ta takardar ta kai wa wani ɗanta da ke aiki a asibiti a Gumel ya sake dubawa.

Anti Nas: Kada ka ba ta ta asalin. Yi mata hoto a waya. Malam Hedimasta kuma 170 bisa 100 na samu, ya koma kan magani, a riƙa tuna masa in an haɗu a masallaci.